Motocin da Ba Su Yi Nishi Ba

Ni na fara gano abin nan kafin kowa, kafin ma Sufeton 'yan sanda ya ɗaura bel. Ban taɓa zama a aji ba, amma sau biyu rami yana ruftawa da ni ina fitowa da ƙafata. Shi ya sa kamfanin haƙar ma'adini ya ba ni gadin ƙofa.

Wata huɗu masu hannun jari suna jiran a ce kaya sun hau jirgin ruwa. Manaja ba ya ɗaga waya, ba ya amsa saƙo. Ranar da suka cika ofis, wata Hajiya da ta sayar da gidanta ta zuba a harkar tana dukan tebur, sai Manaja ya ce direba ne ya karkatar da lodi uku. Aka kira 'yan sanda, aka sa wa direba ankwa. Mijin 'yata ne.

Sufeto ya dubi Manaja.

"Me ya hana ka gaya musu tun tuni?"

"Ranka ya daɗe, nan ba sabis."

Hajiya ta danna lambarsa. Waya ta ɗau kuka a cikin durowa. Sufeto ya miƙe ya nufi sito, ina biye.

"Wa ya ɗinke buhunan lodin?"

"Ni, Yallaɓai, da hannun nan," in ji mai sito.

"Kawo basillar."

Ya kawo ta. Tsatsa ta cinye ta har ido. Ƙarƙashin tamfol kuwa ga buhuna sababbi, ɗaure yadda aka sayo su.

Sufeto ya juyo kaina.

"Baba, kana rubuta motocin da ke fita?"

"Ɗana, biro bai san hannuna ba. Kunne gare ni."

Na nuna masa hawan da ke bakin ƙofa. Mota mai lodi sai ta yi nishi kamar mai naƙuda kafin ta haye, in jefa baƙar tsakuwa a gwangwani. Wadda ba komai kuwa ƙwaram-ƙwaram take wucewa, in jefa fara. Na juye gwangwanin daminar bana a gabansa. Uku ne, duk farare.

"Lodin da bai fita ba, ta ina direba zai sace shi?" in ji Sufeto. "Mu je ramin."

Ruwa muka tarar fal, kwaɗi na biki. Inda injin zuƙe ruwa yake, kusoshi huɗu suka rage.

Manaja ya dubi kusoshin ya ce:

"Na sayar da shi da rani, na ɗauka zan mayar kafin ruwa ya sauko. Motocin don hoto na tura su, in kwantar wa mutane da hankali."

"Allah ya isa!" in ji Hajiya.

Aka cire ankwa daga hannun surukina aka mayar hannun Manaja. Da za su wuce, bai iya kallona ba.

Mai musu ya zo ya ɗaure mini ido, ya turo mota goma. In na kuskure ɗaya, ya karɓi sandar gadin.