Ɗalibin Ɗakin Ajiya

Rana ta yi ja, magariba na ƙaratowa, Malama na zaune a falo da abin sauraro a kunne tana duba darasin da ta naɗa jiya, sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin gidan. Ta biyu ta biyo baya, sannan ta uku, kowacce da tazararta daidai, kamar mai ƙirga kiɗa. Mijinta ya fita da takalmi ƙafa ɗaya zai yi wa 'ya'yan maƙwabta faɗa, ya tarar da layin tsit, ko kaza babu.

Malama gyaran murya take koyarwa ta intanet, shekara tara ke nan. Da ɗalibai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, sai ta shiga wani kwas na ƙara wa malamai ƙwarewa. Mai horar da su, wata mata mai fara'ar da ba ta ƙarewa, ta ce kowa ya naɗi darasi arba'in wanda ɗalibi zai riƙa bi shi kaɗai. Ka rera layi, ka bar shiru na ƙirgen takwas domin ya maimaita, sannan ka yabe shi. Yabon dole ne, in ji ta, ko da ba ka ji shi ba.

Malama ta buɗe ɗakin ajiyar da ke ƙuryar gidan, wanda tun da suka tare ba mai shigarsa sai gizo-gizo. Ta rataye barguna a bango don kashe amsa-kuwwa, ta kafa makirufo. Unguwar ba ta yin shiru sai gab da magariba, idan mai walda ya kashe injinsa, don haka a lokacin take shiga. Ta rera, ta ce, "Yanzu kai, maimaita." Ta yi shiru. Sannan ta ce, "Madalla, ka yi kyau ƙwarai!" Wata guda cur tana wannan abu, har mijinta na tsokanarta yana tambaya ko bargon ya kusa zama mawaƙi.

A yammacin da tsakuwar ta faɗo, darasi na talatin da ɗaya take sauraro. Ta ji muryarta ta ce a maimaita, kuma a cikin shirun wani ya maimaita. Murya ce siririya, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya. Ta koma darussan baya. Tun daga na huɗu muryar take nan, can ƙasa-ƙasa, kullum tana ƙara ƙwarewa. Tsoro ya rufe Malama, ta goge darussan kaf, ta danna wa ɗakin kwaɗo, ba ta gaya wa kowa ba.

Daga nan gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Jifa takwas, shiru, jifa takwas. A rana ta huɗu abin ya faɗa kan Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, wadda muryarta ce kaɗai abin da Malama ke taƙama da shi a duniya. Suka same ta tsaye a bakin ƙofar da aka kulle, ido a kafe, tana rera darasin farko da waccan muryar, ba ta jan numfashi, har ta yanke jiki ta faɗi.

Likita ya duba ya ce maƙogwaron ya kumbura, kada ta yi magana mako biyu. To, wa zai kai wa aljani takardar likita? Kullum magariba Auta sai ta miƙe ta rera har ta faɗi, uban ya riƙe ta, ya rufe mata baki, sautin ya ci gaba da fita. Malama kuwa ta fi likitan sanin ɓarnar da ake yi. Kunnenta na jin muryar 'yarta na yagewa kaɗan-kaɗan kamar tsohon zane, kuma duk iliminta na shekara tara bai tsinana mata komai ba.

A rana ta goma mijin ya zo da wani malamin ruƙiyya, tsoho siriri mai magana a hankali. Ya zauna a gaban Auta bayan la'asar, ya yi ta karatu har inuwa ta cika falon. Sai yarinyar ta ɗago kai.

"Kai wane ne?" in ji tsohon. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Maƙogwaro na ara. Ni ɗalibin uwarta ne."

"Wa ya kira ka?"

"Ita. Na daɗe a ɗakin nan ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Ta shigo ta ce, yanzu kai. Na duba, ba kowa sai ni. Na maimaita, ta ce madalla. Kullum madalla. Ran da ta ji ni kuma, sai ta sa mini kwaɗo."

"Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Saura darasi tara. A ƙarasa mini da wannan maƙogwaron, in tafi."

"Ko ɗaya," in ji tsohon, ya koma karatu da ƙarfi.

Aljanin ya kurma ihu, amma da muryar Auta yake ihun. Malama ta zube a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, ka tsaya! Wallahi in ya ƙara biyu irin wannan, ba abin da zai rage mata."

Tsohon ya dakata. Ba shi da wata hanya sai karatun nan, kuma kowa a falon ya gane haka.

"To, layi ɗaya," in ji muryar. "Ta saurare ni da kunnenta, ta gaya mini gaskiya."

Tsohon ya dubi Malama, ta gyaɗa kai. Muryar ta ɗauki layi ta ja, ta ja, ba gargada, ba hutu, har leɓen Auta ya fara yin baƙi.

"Tsaya!" Malama ta daka tsawa irin ta aji. "Ja numfashi!"

Ƙirjin yarinyar ya ɗaga. Muryar ta ce, "Malama, na yi kyau?"

"Ba ka yi kuskure ba," in ji ta, hawaye na zuba. "Amma ba waƙa ba ce. Ba ka numfashi, mu kuwa a cikin numfashi muke zuba abin da ke ranmu. Madallar nan ma ba kai na yi wa ba. A lokacin ban taɓa jin ka ba. Koya mana aka yi mu riƙa faɗa."

Da muryar ta dawo, ta yi sanyi har ta ba Malama tausayi.

"Zan fita. Amma ran da bakinki ya sake yabon abin da kunnenki bai yarda da shi ba, ni kika kira, kuma nan zan dawo."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kwanta barci. Jifa bai ƙara sauka a gidan ba. Mai horarwar ta yi ta aiko da saƙonnin fara'a tana tambayar darussa arba'in, Malama ba ta amsa ko ɗaya ba.

Bayan wata biyu, da safe, Auta na wanke kofuna a kicin, sai ta gwada rera wani layi. Sautin ya fito a dushe, iska na zurarewa ta gefe, ya karye tun bai kai tsakiya ba. Malama ta san irin wannan tabon, ta kuma san ba ya warkewa. Yarinyar ta juyo da murmushi, ido cike da roƙo.

"Mama, ta fara dawowa ko? Ya yi kyau?"

Uban na tsaye a bakin ƙofa yana yi wa matarsa alama da ido cewa ta ce e mana, me zai rage ta da shi? Malama ta ji kalmar ta zo har kan harshenta. Ba ta taɓa son faɗarta kamar yau ba.

"A'a, Auta," in ji ta. "Bai yi ba."

Auta ta gyaɗa kai, ta juya ta ci gaba da wanke kofin da ke hannunta, kuma ba a ƙara jin ta gwada ba.