Madubin Bindigar Sha'ibu

Ina tsoron yanke shawara, kuma rasuwar wana Sha'ibu ta ƙara mini wannan tsoron. Shi ke tsare tumakinmu daga diloli a bayan Matankari; yanzu bindigarsa tana hannuna.

Wani ɗan kasuwa a Dogon Dutsi ya ba ni na'urori biyu masu nuna ɗumin jiki cikin duhu, in gwada. Ɗaya ana maƙala ta a gaban tsohon madubin hangen nesa na bindigar. Ɗayar ta fi kaifin gani, amma sai an kwance madubin Sha'ibu.

Da dare na maƙala ta farkon. Tumaki suka bayyana farare tas, babu kowa tsakaninsu. Sai na ji fito irin na Sha'ibu, tumakin suka natsu. Na cire na'urar, na leƙa ta tsohon madubin. Mutum ne tsaye cikin farin wata, ƙafafunsa ba su danne ciyawa ba, yana shafa wata tunkiya mai ɗingishi.

"Luƙman," ya ce, muryarsa kamar daga rijiya, "tunkiyar ga, ba ka ɗaure mata ƙafa ba."

Na sauke bindigar. Da idona kawai, ban ga kowa ba.

"Yaya," na ce da ƙarfi, "mai maƙalawar zan ɗauka. Ba zan kwance madubinka ba."