Kaskon da Malaki Ya Mirgino Daga Kurmi

An buga ƙararrawar addu'ar magariba, ƙauyen ya yi tsit, har aladu sun daina gurnani, sai Fuatino ta ji warin. Tana zaune a tabarma da Littafi Mai Tsarki a cinya, 'yarta Sieni na gefe tana jan waƙar yabo a hankali. Wari ne mai nauyi, irin na naman da aka manta a rana, yana tasowa daga bayan madafa, inda mijinta Malaki ya kafa rumfa.

Tun da ya bar aikin jirgin ruwan da ke kai mutane birnin Apia, Malaki ya rasa abin yi, sai ya ce zai haɗa kayan yin giya da hannunsa. Ya samo shuɗiyar gangar roba, ya huda marfin da jan ƙarfe har gefe guda ya tsage, ya cusa tsumma a tsagar. Ya zura tiyo, ya tsoma ɗaya bakin cikin kwalbar ruwa don iska ta riƙa fita. Saura abin dafawa. A tsohuwar gonar kwakwar da kurmi ya cinye ya same shi: ƙaton kasko na baƙin ƙarfe, cike da ruwan sama garai-garai, ko ganye ɗaya babu a kai. Ya kifar da ruwan, ya mirgino kaskon gida, ya dafa sukari da ayaba da ɓawon abarba, ya juye a ganga ya barbaɗa yis.

"Dattijon coci guda da kai," in ji Fuatino ranar. "Ko kunya ba ka ji."

"Fasto ma in ya ɗanɗana sai ya nemi ƙari," ya ce. Kullum da yamma sai ya zuƙi kurɓi ta tiyon, ya lashe baki, ya ce ta kusa nuna.

Sieni ba ta kai ƙarshen waƙar ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Babu mai yawo a lokacin addu'a, kowa ya sani. Da Malaki ya fita da tocila, sai ya tarar da duwatsun a jiƙe, masu santsi, irin na ƙasan rafi.

Kwana huɗu ana haka, kullum da faɗuwar rana. A cikin kwanakin nan gashi ma ya fara. Fuatino ta buɗe tukunyar gwaza ta ga sili guda kwance a madarar kwakwa, ta ja, ta ja, ya fi tsawon hannunta sau biyu. Ta same shi a butar shayi, ta same shi naɗe cikin kifin da ita ta fafe da kanta. Ta daina cin abinci. Ruwa ma sai ta tace da ƙyalle, duk da haka maƙogwaronta na ƙin karɓa.

A yammaci na biyar Sieni ta yi tari, ta sa yatsu biyu a baki, ta fara zaro gashi daga maƙogwaro, jiƙe da yawu, ba ya ƙarewa. Da ta gama ta miƙe zaune cak, ta kwance kitsonta, ta dubi ubanta da idon da bai san shi ba, ta tofa masa yawu a ƙafa.

Fuatino ba ta yi shawara da kowa ba, ta tafi ƙarshen ƙauye ta zo da Vaitoa, tsohuwar da ke cire wa mutane iska da ganye da man kwakwa. Tsohuwar ta tsaya a ƙofar gida ta toshe hanci.

"'Yata, a cikin wannan kuke kwana?"

Ta zauna ta ɗora kan yarinyar a cinya, ta dandaƙa ganye, ta shiga murza mata wuya da kafaɗu. An daɗe babu abin da ake ji sai kwalbar rumfa tana ɓul, ɓul. Can bakin Sieni ya buɗe, murya ta fito, ta babbar mace, a sanyaye.

"Cire hannunki, tsohuwa."

"Sai kin faɗi ko wace ce ke, da abin da aka yi miki."

"Tun kafin a haifi kakarki nake wanke kaina a kaskon nan. Wancan ya zubar mini da ruwa, ya dafa ruɓaɓɓiyar ayaba a ciki."

"Me kike so?"

"Ya shanye gangar tas a gabana. In ya ƙi, yarinyar ta biyo ni, ina neman mai tsefe mini kai."

Fuatino ta riƙe ƙafar 'yarta, ta ji ta yi sanyi kamar kifi. Malaki na durƙushe a gefe.

"In ya sha ya mutu, wa zai mayar miki da kasko?" in ji Vaitoa. "Ni? Dube ni fa. Ki bar shi ya goge da yashi da lemun tsami, ya mayar inda ya ɗauko, ya cika da ruwan maɓuɓɓuga, kada ya ƙara taka wurin."



"Wanki bakwai," in ji muryar. "Kuma abu ɗaya. Duwatsun nawa ne, gashin ma nawa ne. Amma warin nan, kada a ɗora mini shi. Ni ba ƙazama ba ce. Ku buɗe gangarku."

Sieni ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta ce, "Mama, ƙishi nake ji."

Vaitoa ta sa Malaki ya jawo gangar tsakar gida ya kifar. Ruwan ya malala, rawaya, mai kumfa. A ƙarshe abu biyu suka faɗo tim. Ɓeraye ne, sun bi ta tsagar marfin tun kwanakin farko, sun kumbura, fatar ta saɓule, cikin ɗayan ya fashe. Malaki ya dube su, ya dubi tiyon, ya juya ya yi ta amai har ya rasa na fitarwa. Fuatino ba ta miƙa masa ruwa ba.

Washegari ya wanke kaskon sau bakwai, ya mirgina shi zuwa kurmi shi kaɗai, ya yi sawu goma sha ɗaya da bokiti kafin ya cika. Dutse bai ƙara faɗowa ba, Sieni ta koma waƙarta, zancen kuma bai fita daga gidan ba.

Malaki ya ci gaba da zama dattijon coci. Ranar Jibin Ubangiji shi ke zagayawa da farantin gurasa da ruwan inabi a coci, cikin farar riga da farin zane. In ya iso layin Fuatino sai ta sunkuyar da kai, ta haɗe hannuwanta a cinya har ya wuce, don ba ta ƙara iya kai abin hannunsa baki ba. Matan coci suka yi ta tunanin wane zunubi ne ya hana ta karɓa, ita kuwa ba ta taɓa gyara musu zato ba.