Gefen da Mama Ke Riƙewa

"Wata nawa kuma zan ƙara jira, Ta Baba?"

Bakanike ya yi tambayar yana tsugunne gaban injin ban ruwanmu, hannunsa duk baƙin mai. Shekara biyu ke nan yana zuwa gyaran injin nan, wanda sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Ni na sani, Baba ma ya sani.

"Ka ƙara haƙuri..."

"Haƙurin har ya yi furfura. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki ya ba ni gida a can, ƙarshen wata zan koma. Da ke nake so in tafi, hasken idona."

Na sunkuyar da kai. Ina sonsa, son da ranar da bai zo ba ko abinci ba ya min daɗi. Amma akwai bututu.

Filin kiwonmu kashi shida ne. Kullum da safe sai an kwance bututun feshi daga inda ya jiƙa, a kai shi inda shanu suka gama cinyewa, don ciyawa ta sake tofowa kafin su zagayo. Dogo ne, sai mutum biyu ke iya ɗauka. Shekara ashirin Baba na gaba, Mama na baya. Da muka rasa ta na kama gefenta, ban kuma sake ba.

"In na bi ka, wa zai kama wa Baba?"

Bakanike ya miƙe. Ya goge hannunsa ya tafi, ko waiwaye babu. Sati guda bai leƙo ba, injin kuma don neman magana ya ƙi lalacewa.

Rana ta takwas na fito da safe, na tarar babu bututu a inda muka bar shi. Can na hango Baba shi kaɗai yana jansa, gefen Mama kuwa yana gungurawa a kan tayoyin tsohon keke da aka yi wa walda. Bakanike na biye da shi, sai sosa ƙeya yake.

"Baba, mene ne wannan?"

"Taya ce. Ko ba ki taɓa gani ba?"

"Wa ya sa shi ya yi?"

"Ni. Na ji ku ranar nan. Bayana ne ya tsufa, ba kunnena ba."

Sai kawai kuka ya ƙwace min.

"Yanzu gefen Mama ka ba wa taya, Baba?"

Ya ajiye bututun a hankali. Ya share min hawaye da bakin rigarsa kamar ina 'yar shekara biyar.

"Uwata, taya ba za ta maye min gurbin mahaifiyarki ba. Ke ma ba don ki maye shi na haife ki ba. Aronki na yi, na kuma daɗe ban mayar ba."

Na kifa kaina a kafaɗarsa. Kewar Mama da farin ciki suka haɗu suka cika min ƙirji.

"Kai kuma," ya ce da Bakanike, "ka turo manyanka. Amma injina ya saba lalacewa duk sati, sai ka riƙa zuwa min da ita."

"Ko bai lalace ba, Baba."

"Dama yaushe ya taɓa?"

Muka yi dariya, ni har da hawaye. Baba kuwa ya juya mana baya, ya daɗe a duƙe yana gyara kan feshin da babu abin da ya same shi.