Turmin Inna

A wani ƙauye, can zamanin da, an yi wata mata da ɗakinta ya cika maƙil da kaya. Ga ƙorai, ga tabarmi a naɗe, ga turmin marigayiya innarta a kife a lungu. Duk abin da ta ɗaga sai ta ce, "Wata rana zai yi amfani," ta mayar.

Ran nan gobara ta cinye gidan maƙwabciyarta Lantana, matan unguwa suka shiga kai gudummawa. Matar nan ta ɗauki ƙwarya za ta kai, ta mayar. Ta ɗauki tabarma, ta mayar.

Sai ga Lantana da sallama. "Yaya, ko za ki ara mini turmin nan na lungu? Tun jiya yara ba su ci tuwo ba."

In turmin ya fita, me ya rage mata na Inna? Ta mirgino shi. "Ɗauki, ba aro ba ne."

Ta wuni tana duban gurbinsa, ta kasa cin abinci.

Da la'asar ta ji daka a bayan katanga. Ta tsaya cik. Amon turmin ne, wanda ta taso tana ji, rabonta da shi tun ranar da aka kife shi. Ta jingina da katanga har aka gama dakan. Sannan ta shiga ɗaki, ta ɗauko ƙwaryar, ta ɗauko tabarmar, ta nufi wurin Lantana.