Ƙwayoyin Auta

Gawar Auta ba ta gama sanyi ba likitan ƙoda ya kira ofishin 'yan sanda. Sufeto ya same shi tsaye a ofishinsa, ransa a ɓace.

"An yi wa mutumin nan dashen ƙoda bara, matarsa ce ta ba shi," in ji likita. "Jiki ba ya son baƙo. Shi ya sa muke ba da maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, safe da yamma, har ƙarshen rayuwa. In ya yi yawa, cuta ta shiga. In ya yi kaɗan, jiki ya cinye ƙodar."

"To, me ya faru?"

"Duk awon jinin da muka yi, maganin ƙasa yake yi. Ina ƙara masa, yana ƙara faɗuwa, shi kuma yana rantsuwa bai taɓa tsallakewa ba. Ya zo mana a kumbure, lokaci ya ƙure. Duba abin da muka samu a aljihunsa."

Ya ɓare ƙwanson ƙwaya ɗaya a kan farar takarda. Madarar gari ce a ciki.

A gidan mamacin, tun kafin Sufeto ya zauna an riga an yanke hukunci. Haka dangin miji suke, shari'arsu ba ta jiran alƙali. Yayan Auta, wani dogo mai sayar da taya, shi ne mai gabatar da ƙara.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Matarsa ce. Ba mai taɓa maganin nan sai ita."

"Wa ke zama da shi da rana?"

"Innarmu. Amma tsohuwa ce, ko fuskata ba ta gani sosai."

Matar, malamar firamare ce, tana zaune a ƙasa a bakin gado, ba wanda ya ko ba ta ruwa. An riga an kwashe 'ya'yanta zuwa gidan Dogo.

"Ni nake ɓallo ƙwayoyin daga katinsu," ta ce. "Duk ƙarshen mako ina jera na sati guda a ɗan akwati mai gida-gida, in ajiye a kabad ɗin falo."

"Kabad ɗin yana da makulli?"

"Makulli, a kan wa? Yallaɓai, aka yanka cikina aka ciri ƙoda aka ba shi. Sai kuma in dawo in kashe shi?"

Sufeto ya ji tausayinta, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya sa Kofur ɗin da ta rako shi ta tsare ta a falo, shi kuma ya nemi ya yi wa tsohuwa gaisuwa.

Ya tarar da Inna a ɗakinta na baya, ta ɗora rigar Auta a cinya, tana ɗaura mata maɓallin da ya cire. A gabansa ta zura zare a allura, tashi ɗaya, babu tabarau.

"Sannu da haƙuri, Inna. Ashe idon da sauƙi."

"Alhamdu lillahi, ɗan nan."

"Kin san maganin da yake sha?"

"Ina zan sani? Wannan aikin masu boko ne."

Sufeto ya dubi ɗakin. Inna irin tsofaffin nan ce da ba sa yar da komai: ledoji a ninke, kwalaben da ba kowa a ciki, gwangwanaye jere a kan taga. Duk ƙura ta rufe su, ban da wani ƙaramin gwangwanin man zafi da ke sheƙi saboda yawan taɓawa. Kusa da shi akwai ƙullin madarar gari.

Ya miƙa hannu. Allurar ta faɗi daga hannun tsohuwa.

Ya buɗe. Farin gari ne, ya kusa cika gwangwanin.

"Zan kai wa likita ya auna, Inna. Ko za ki rage mana tafiya?"

Dogo ya faɗo ɗakin. "Haba ranka ya daɗe, uwa ce fa!"

"Kai ka ce ba ta gani. Ka sani ke nan?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya taɓa kama ta tana juye ƙwayoyin, ta ce masa ya yi shiru, ya yi.

"Da kunnena na ji likita ya ce maganin yana karya ƙarfin jiki," in ji Inna. "Yarona kullum mura, hannu na karkarwa, ko cokali ba ya iya riƙewa. Ina gani za a ƙarasa min shi da ƙwaya? Sai na riƙa rage masa garin ciki ina cikawa da madara in matarsa ta tafi makaranta. Wallahi ya murmure, har kumatu ya yi!"

"Kumburi ne, Inna."

"Da suka ƙara masa, na ce so suke su kashe shi, sai na juye duka. Ban zubar ba, ga shi nan. Na ce in ya yi ƙarfi sai ya sha abinsa."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya ga masu kisa don ƙiyayya, bai taɓa jin ɗaci irin na yau ba. Bai sa mata ankwa ba. Ita da Dogo, duka ya ce su wuce mota.

A falo Inna ta tsaya gaban surukarta.

"'Yar nan, ki yafe min. Don in cece shi na yi."

Malama ta miƙe a hankali, ta dafe gefen cikinta.

"Wannan kam na yarda, Inna, son sa kike yi. Amma tun safe kina jin su suna ce min makashiya, sun raba ni da 'ya'yana, kina ɗaki kina ɗinki. Shi ma don ki cece shi ne?"

 Kofur ta kama hannun tsohuwa suka fita.