Ƙarfe Mai Taurin Kai

Shekarar da gwamnati ta fara kwaso komatsanta daga Legas zuwa sabon babban birni, Musbahu ya tsaya sayen waina wurin Luba a Durumi. Waina uku ya ci, awa biyu ya zauna. Ɗan jami'a ne, ya zo hutu yana ja wa 'yan kwangila wayar lantarki.

Samarin kirki turare suke kawowa. Shi labarin ƙarfe ya kawo.

"Lubana, a waya irin wannan, ƙwayoyin wuta ɗai-ɗai suke wucewa, kamar 'yan kasuwa. Amma an gano wani ƙarfe mai taurin kai. Iya zafin da ka ba shi, iya tare wa wuta hanya da zai yi. Masana na zargin ƙwayoyin cikinsa damewa suka yi kamar kunu, ba ka ware ɗaya."

"In aka sanyaya shi fa, Malam na ƙarfe?"

"Sai ya saki hanya gaba ɗaya."

Da Musbahu ya nemi aurenta, babanta Datti ya ce atafau. Baƙi sun zo sun auna masa gona da igiya, ba zai ƙara musu da 'ya ba. Musbahu ya turo kawu, ya turo liman, ya turo ogansa a mota. Kowane aike, tsoho ya ƙara ƙeƙashewa. Ilimi fal kai, yaro bai san wuta yake hurawa ba.

"Ka daina zuwa, bari Baba ya huce," in ji Luba.

Shi kuwa ya ɗauka korarsa ta yi. Ya tafi karatun ƙarfensa ƙasar waje.

Shekara uku tana suya tana ramewa. Wani Ilyasu direba ya yi zaryar neman aurenta har ya gaji.

Sai katafila ta zo ta share gona da gida, har kushewar mahaifiyar Luba. Aka zube Datti a Kubwa. Ya daina faɗa, ya daina komai.

Can wasiƙa ta lalubo su, Luba ta karanta masa: "Lubana, ƙarfen ya gagare mu, mantawa da ke ma ta gagare ni. Ko in zo?"

Datti ya ce, "Ya zo. Wace ƙofar ta rage da zan tare?"

Aka ɗaura. Ranar kai amarya Luba ta waiwayi babanta zaune a tabarmar aro, ta fashe da kuka.

"Malam, ka ce in ya yi sanyi zai saki hanya. Ba ka ce min haka sanyin yake ba."

Musbahu ya riƙe hannunta.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ba tsoho inda zai dasa ko barkono ne.